Manhajar da za ta jure sabis ɗin hanyar Mai'adua

Ƙaramin kamfani ne namu a birnin Katsina, muna rubuta wa 'yan kasuwa manhaja, galibi dillalan kayan masarufi masu motoci a hanya. Buƙatar Alhaji ba ta da yawa: ya san inda motarsa take, in ya tura wa direba saƙo ya isa kafin a sauke kaya a shagon da ba nasa ba.

Yaran da ke zuwa mana koyon aiki WebSocket suka sani, wato wata hanyar aika saƙo ta intanet, kuma ba laifinsu. Tun 2011 aka daidaita shi, layi ɗaya yake buɗewa tsakanin waya da saba, wato kwamfutar da ke karɓar saƙo tana rarrabawa, saƙo na kai da kawowa ba jira. A ofis lafiya lau. Amma bari mota ta bar Daura ta nufi Mai'adua, sabis ya yi ƙasa, layin ya tsinke. Daga nan kai za ka zauna ka rubuta yadda za a sake haɗawa, ka tantance saƙon da ya isa da wanda ya salwanta, kada odar buhu hamsin ta shiga sau biyu.

Shi ya sa aikin motoci muke ɗora shi kan MQTT, wata hanyar aika saƙo daban. A 1999 aka ƙirƙire shi don lura da bututun mai ta tauraron ɗan'adam, inda data ke da tsada kuma layi ba tabbas. In ka saita shi daidai, saba na riƙe wa direba saƙonsa har wayarsa ta dawo. Facebook ma da shi ya gina Messenger.

Sai wayoyin kansu. Direbobi Tecno da itel suke riƙewa, masu kashe manhaja da an sa su aljihu don tattalin batir. Dole mu haɗa da sanarwar Firebase, tsarin Google na turo sanarwa a waya, ta tashe ta.

Kiran bidiyo kuwa, kusan kowane Alhaji sai ya tambaya. WebRTC, fasahar da ake yin kiran da ita, kyauta ce, amma a layukan waya sau da yawa kiran sai ya bi ta sabar TURN mai shiga tsakanin wayoyin biyu, ita kuma da dala ake biyanta, ga yadda naira ta koma tun 2023. Nakan ce, "Alhaji, a bar wa WhatsApp wannan." Mu saƙon murya muke sa musu, tunda yawancin direbobi sun fi son magana da rubutu, kuma shi ko sabis ya ɗauke yana jira ya tafi daga baya.