Godiya ga matan da suka tallafe ni sa'ad da na kasa

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, iyayena mata, yayyena da ƙannena.

Yau mako shida ke nan da na yanke jiki na faɗi a wurin aiki. Farkawa na yi na gan ni a gadon asibiti, ana yi mini ƙarin ruwa. Likita ya ce hawan jini ne da gajiyar da ta daɗe tana taruwa. Ga shi an sallame ni, ina takawa da ƙafafuna, don haka bakina ba zai yi shiru ba.

Kun san yadda nake. Ofis da safe, yara da yamma, jinyar mahaifiyata, ajiyar kuɗin zumuntar mata, ajin yara ran Lahadi, ga waya da ba ta barin mutum ya runtsa. Na ɗauka kiran da Allah ya yi wa mace ke nan: kada ta gaji, kada ta ce a'a. Addu'ata ta koma ta tsaye, ina yi ina neman takalmin ƙaramin ɗana a ƙarƙashin kujera. In na buɗe Littafi Mai Tsarki a waya, kafin in gama aya biyu saƙo ya shigo, shi ke nan na bi shi.

Godiyata ta farko ga Mama, uwar zumuntarmu. Ta same ni a kwance ina amsa saƙon aiki da hannu ɗaya, ba ta ce komai ba, ta zare wayar ta jefa a jakarta. Ta sa tabarau, ta buɗe Luka 10, ta karanta mini labarin Marta da Maryamu, inda Marta ta shagala da hidima, Maryamu kuwa ta zauna tana sauraron Yesu. Gabana ya faɗi, na ce yau zan sha faɗa. Sai ta ce, "'Yata, duba da kyau. Yesu bai raina hidimar Marta ba. Damuwarta ya gani, har ya kira sunanta sau biyu." Ta juya zuwa Yohanna 11, ta nuna mini cewa wannan Marta ɗin ce ta fita ta tarye shi bayan mutuwar ɗan'uwanta Li'azaru, ita ce kuma ta shaida shi ne Almasihu, Ɗan Allah. Na yi shekaru ina jin kunyar zama Marta. A ranar na yi kuka har filo ya jiƙe, Mama tana riƙe da hannuna.

Ta kuma tuna mini da Monika, wadda ta yi shekaru tana hawaye a kan ɗanta Agustin (wanda daga baya ya zama babban malamin ikkilisiya), har aka yi masa baftisma a birnin Milan na Italiya a shekarar 387. Ni da na kasa ba Ubangiji minti goma a natse, wannan ya taɓa ni ƙwarai.

Na gode wa 'yan'uwan da suka raba kwana a asibiti tsakaninsu, da wadda ta riƙa kai yarana makaranta, da matan da suka zauna da mahaifiyata har ba ta ji rashina ba. A Ayyukan Manzanni 9, bayan rasuwar Dokas, mace mai taimakon matalauta, gwauraye sun tsaya suna nuna rigunan da ta ɗinka musu. Da za a ce in nuna abin da kuka yi mini, da hannuwana sun kasa ɗauka.

Maigidana, ka ɗauki nauyin gida ba tare da gunaguni ba, ka kuma nemi gafarata da ba ka lura da gajiyata da wuri ba. Allah ya saka maka. Fasto da dattawan ikkilisiya, na gode da addu'o'inku.

In Ubangiji ya yarda zan shigo sujada ran Lahadi. Littafin ajiyar kuɗi zan miƙa wa wadda zumunta ta zaɓa, ajin yara kuwa ina nan tare da su. Mama ta dawo mini da wayata, amma yanzu a falo take kwana. Ku ci gaba da sa ni a addu'a, jikin bai gama ƙwari ba tukuna.