Layuka ukun da Kawu ya ɗauka ado ne

Sati uku na kwashe ina haɗa wa wasu dillalan kayan gwari na kasuwar Farin Gada da ke Jos shafin intanet, don masu saye daga Abuja da Kano su riƙa ganin farashi kafin su turo mota. A kwamfutata dai abin ya yi kyau, har ina yaba wa kaina. Ran Asabar na je gaida Kawu a Unguwar Rogo, na buɗe shafin a wayarsa Tecno mai tsagaggen gilashi, na ce, "Kawu, don Allah ku duba min kuɗin buhun dankalin Turawa."

Ya gyara tabarau. Ya danna hoton dankalin, shiru. Ya sake dannawa da ƙarfi kamar mai gwada nunar mangwaro. Ya ja ƙasa, ya dawo sama. Farashin kuwa yana ɓoye a bayan layukan nan uku na kusurwar sama, waɗanda mu 'yan sana'ar muke ɗauka kowa ya san ƙofa ce da ake dannawa don buɗe sauran sassan shafin. Da haƙurina ya ƙare na nuna masa, sai ya ce, "Au! Ai na zaci ado ne, ɗan nan."

Alamar fa ba ta jiya ba ce, tun 1981 take a kwamfutar Xerox Star. Tsufanta bai sa Kawu ya san ta ba.

Jakob Nielsen, wanda ya daɗe yana nazarin yadda mutane ke lalube a shafuka, ya rubuta a 2000 cewa in ka zaunar da mutum biyar suka gwada, za ka gano kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin. Na bi shawarar, kuma abin da ya fi wuya shi ne kama baki kana kallon mutum yana ɓata. Matar yayana lambar waya ta yi ta nema, ga ta can ƙasa inda ba mai kaiwa. Wani direba ya yi min dariya don na rubuta tumatir da kilo. Wa ya taɓa sayen kilo a Farin Gada? Kwando ne, sai buhu.

Na cire layukan, na sa hotuna su riƙa buɗewa, na dawo da lamba da maɓallin WhatsApp sama, manya yadda babban yatsa ba zai kuskure ba. Da na koma, dannawa ɗaya Kawu ya yi sai ga farashi. Ya ƙura masa ido, ya ce wannan ai kuɗin makon jiya ne.