Shayi Mai Gishiri a Cikin Baƙin Tanti

Na daɗe ina kai-komo tsakanin Jidda da Guangzhou wajen sarin kaya, amma ban taɓa leƙa yammacin ƙasar Sin ba sai da wani abokin cinikina, Musulmi ɗan ƙabilar Hui, ya matsa mini lamba na bi shi garinsu Xining, babban birnin lardin Qinghai. Mun yi Juma'a a masallacin Dongguan, washegari kuma muka hau titin da ya nufi Lhasa, babban birnin Tibet, titin da aka buɗe a 1954, mai tsawon kusan kilomita 1,900. Ba mu yi niyyar ƙure shi ba, domin baƙo ba ya shiga yankin Tibet sai da takardar izini ta musamman, alhali makiyayan Tibet suna nan jingim a Qinghai ɗin ma.

Ni da na tashi a bakin teku, a da ina ganin hawan dutsen Hada zuwa Ɗa'if shi ne maƙurar hawa. Ashe Ɗa'if ba ta kai mita 2,000 sama da teku ba, tafkin Qinghai kuwa ya haura 3,000. Kafin mu hango ruwansa kaina ya fara sarawa, abokina yana ta faɗin, "Alhaji, taka a hankali, nan ba Jidda ba ce."

Kudu da tafkin muka saki kwalta muka nufi wani baƙin tanti na makiyayan, amma ba mu fito daga mota ba sai da maigidan, wani dattijo, ya riƙe ƙaton karensa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda gidan nan kaf yake rataye a wuyan dabba guda, wato yak, wani irin sa mai dogon gashi har ƙasa. Da gashinsa aka saƙa tantin da igiyoyinsa, macen da suke kira dri ita ke ba da madara da mai, kashinsu kuma shi ne itacen girki, tunda ƙasar babu bishiya ko ta maganin ido. Uwargidan ta jera busasshen kashin a gefen murhu da tsari irin na matar Bafulatani mai jeren ƙore. Ta zuba mana shayi mai madara da gishiri, sannan ta kawo garin soyayyen sha'ir da dunƙulen man shanu. Ana dama shi da yatsu a cikin kwano har ya dunƙule kamar gumba, su kuma suna ce masa tsampa. Kindirmonsu ya fi duk wanda na sha kauri. Naman ne kawai muka ba da haƙuri a kansa, domin ba yanka irin namu suke yi ba, kuma dattijon bai ji haushi ba, ya saba da maƙwabtansa Musulmi.

Sai dai duk inda ido ya kai akwai shingen waya, domin an rarraba makiyayar gida-gida, kuma a bakin titi mun wuce jerin gidaje masu kama ɗaya da gwamnati ta gina don zaunar da makiyaya. A ganina shingen ya fi ginin yi wa kiwo illa, don dabbar da ba ta bin ciyawa inda take sai an sayo mata abinci. Dattijon ya ce kuɗin da ke shigo wa mutane da yawa yanzu ba na madara ba ne, na wani tsiro ne da ke fitowa daga jikin tsutsa, wanda ake tonowa a watannin Mayu da Yuni, masu maganin gargajiyar Sin suna sayensa da tsada.

Ta bakin jikansa mai jin Sinanci ya tambaye ni ko har yanzu Larabawa suna tafiya a kan raƙumi. Na ciro waya na nuna masa hoton wani raƙumi a gurfane a bayan Toyota a hanyar Madina. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ƙyalƙyale da dariya, ya nuna mini babur ɗinsa a jingine kusa da dokin da ko sirdi babu a bayansa.