Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Lokacin da Bakina Ya Gaji da Cewa "Da Sauƙi"

A makon jiya mun tsaya a inda likita ya shaida mana cewa ƙodar maigidana duka biyu sun gaza, babu mafita sai wankin ƙoda. Wanda bai taɓa jinyar mai wannan ciwo ba, ba zai san yadda yake cinye gida ba. Sau uku a mako ake son a ɗora mutum a kan na'ura, kowane zama kusan awa huɗu, jini ya fita ta wannan tiyo ya koma ta wancan. Ya dawo a galabaice, ruwan sha ma sai an auna masa. Abin da muka tara ya ƙare, muka shiga rance.

Amma abin da ya fi tsorata ni a watannin nan addu'ata ce. Ban bar sallah ba, azkar ɗin safe da yamma ma ina yi, sai dai leɓe ne kawai ke motsi. Masu zuwa dubiya su ce, "Ya mai jiki?" in ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Idan na ɗaga hannu bayan sallama, sai in ji irin amsar da nake ba baƙi ita ce ke fitowa. Ina jin tsoron in na furta cewa na gaji, sunana zai fita daga cikin masu haƙuri, ladan jinyar duka ya zube.

Goggo, ƙanwar mahaifina, ta zo ta zauna da mu don ta kama mini yara. Mace ce da ta daɗe tana karantar da mata Alƙur'ani, ba ta da yawan magana. Wani dare ta same ni a tsakar gida ina kuka, na toshe baki da mayafi don kada mai jiki ya ji.

Ta ce, "'Yar nan, wa kike kai wa wannan kukan?"

Na ce, "Ba kowa, Goggo. Kunyar Allah nake ji. Bayan duk ni'imar da Ya yi mini, yaya zan tsaya gabanSa in ce abin ya yi mini nauyi?"

Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta ce in yi alwala in ɗauko Alƙur'ani, in buɗe Suratu Yusuf. Ta sa na karanta aya ta 83, inda Annabi Yaƙub, bayan an raba shi da ɗa na biyu, ya ce haƙuri kyakkyawa zai yi. Ta ce in ci gaba. A aya ta 84 idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. A ta 85 'ya'yansa suna ce masa ba zai daina ambaton Yusuf ba sai ya nakasa ko ya halaka. A ta 86 ya ba su amsa: ni dai Allah nake kai wa ƙarar damuwata da baƙin cikina.

Goggo ta ce, "Bakin da ya yi alkawarin haƙuri shi ne ya kai kukan nan, aya uku ce tsakani. Kin ga inda Allah Ya ce haƙurinsa ya ɓaci?"

Na daɗe ina juya wannan tambaya. Ashe akwai mai kai ƙarar Allah wurin mutane, yana yawo da "me na yi aka yi mini haka," akwai kuma mai kai ƙarar halinsa wurin Allah. Na farkon ne malamai ke tsoratar da mu, kuma sun yi gaskiya. Sai dai ina ganin mu masu ba da haƙuri mukan haɗe su biyun, mu rufe wa mai ciwo baki gaba ɗaya, har ya ɗauka hawaye ma saɓo ne.

Daga nan na riƙa bin addu'o'in annabawa da sabon kunne. Annabi Ayyub, wanda ake buga misali da haƙurinsa, ya faɗa ƙarara a Suratul Anbiya aya ta 83 cewa cuta ta shafe shi, sannan ya ce Kai ne mafi jinƙan masu jinƙai. Annabi Zakariyya a farkon Suratu Maryam ya kira Ubangijinsa a asirce, ya lissafa halinsa ɗaya bayan ɗaya: ƙashi ya yi rauni, kai ya cika da furfura, matarsa ba ta haihuwa. Allah Ya san duk wannan kafin ya buɗe baki, amma ya faɗa. Wadda ta fi girgiza ni Nana Maryam ce. A aya ta 23, naƙuda ta kai ta gindin dabino, ta ce ina ma ta mutu kafin wannan, a manta da ita. Amsar da ta zo mata ita ce kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa, ga dabino, ki ci ki sha. Ko Manzon Allah (SAW), ranar da ɗansa Ibrahim ke cikawa a hannunsa, ya zubar da hawaye, ya ce ido na kuka, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi.

Na fara tashi a sulusin ƙarshe na dare, lokacin da hadisi ya tabbatar Allah na cewa wa zai roƙe Ni in amsa masa. In yi nafila, in yi salati, sannan in yi magana da harshen da nake kuka da shi. "Ya Allah, na gaji. Ina tsoron in wayi gari ba shi. Ina jin nauyin mutanen da ke bin mu bashi. Yau na ji haushinsa da ya ƙi shan magani, Ka yafe mini, Ka tausasa zuciyata. Ban san hikimarKa a nan ba, amma na san ba Ka zalunci, kuma ba ni da wata ƙofa sai taKa."

Kada wani ya ɗauka washegari maigidana ya miƙe. Ciwon na nan, wani lokaci ma ya ƙara tsanani. Akwai daren da shaiɗan ya riƙa raya mini cewa roƙon ya isa haka, tunda shiru. Goggo ce ta tuna mini hadisin da ke cewa ana amsa wa ɗayanku matuƙar bai yi gaggawa ba, ya ce na roƙa ba a amsa mini ba. Ni ce dai na sauya. Na daina tsoron sallayata. Na kuma samu ƙarfin zama kusa da maigida a asibiti ba tare da murmushin dole ba, har wata rana ya riƙe hannuna ya ce shi ma yana tsoro, muka yi addu'a tare da ƙaramar murya.

A cikin wannan hali likita ya kira mu ya kawo maganar dashen ƙoda, ya ce sai an samu wanda jininsu ya dace. A daren ƙanin maigida ya yi sallama, ya ce, "Yaya, a gwada ni." Abin da matarsa ta ce da ta ji labari, da yadda gwajin ya kaya, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.