Jan Vansina da aikin tantance salsala

Jan Vansina, masanin tarihi ɗan ƙasar Beljiyam, an haife shi a 1929, ya rasu a 2017 a Madison ta Amurka, bayan ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Wisconsin. A shekarun 1950 ya zauna cikin al'ummar Kuba a Kongo yana tattara jerin sunayen sarakuna da kakanni daga bakin tsofaffi. Daga baya ya tace jerin sarakunan Ruwanda, ya nuna ba a kafa masarautar ba sai a ƙarni na 17, saɓanin abin da fada ta riƙa faɗi.

Mai neman asalin gidansu zai amfana da hanyarsa. Kada a tara dattawa a zaure ɗaya, domin ƙarami ba ya musa wa babba. A ji kowa shi kaɗai, a tambaye shi wa ya gaya masa. Mutum uku da suka ji daga kaka ɗaya, shaida ɗaya ce.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne tsakiyar salsala. Ana tuna wanda ya kafa gida da kakannin kusa, na tsakani su zube. Wa da ƙane da suka gaji juna kuma sai a mai da su uba da ɗa, lissafin ya ƙaru da kusan shekara 30 a banza. Sai kuma dattijon da ya karanta tarihin a littafi, ya dawo yana ba da shi kamar daga kakansa ya ji. Wannan ya fi wuyar ganewa, sai an tambaye shi kai tsaye.