Da na bar shi zaki

Makon jiya na kwashe takarduna daga sashen shirye-shirye, bayan shekara 4 ina rubuta wasan kwaikwayo na daren Juma'a a gidan rediyonmu a nan Gombe. Abokan aiki sun san abin da ya faru, amma gara ku ji daga bakina.

A cikin wasan akwai wani Sakatare da na ƙirƙira, mai danne takardun ƙarin girma na ƙananan ma'aikata. A rubutun farko na sa masinja ya kira shi zaki. Oga ya karanta, ya yi murmushi, ya sa hannu. Ai dole. Zaki kirari ne, manyan dawa, sarakuna ake wasawa da shi. Ko azzalumi ka kira zaki, tukuici zai ba ka. Na gwada kura, 'yan wasa suka fashe da dariya wajen gwaji, don kurar tatsuniya wawuya ce, kullum Gizo na raina mata hankali. Sakatarena kuwa ba abin dariya ba ne.

A Kaltungo na samo dabbar da ta dace da shi, lokacin da kububuwa ta sari Baffana yana cirar gyaɗa, na yi jinyarsa a asibitin masu saran maciji. 'Yar ƙarama ce, da ƙyar take wuce kamu guda, launinta na ƙasa da busasshen ganye. Ba ta fasa kai irin na gamsheƙa, naɗewa take yi tana goga jikinta, ƙarar kamar an yayyafa ruwa a garwashi. Baffa ya dage cewa ba komai, kumburin ƙafa ne kawai. Ma'aikacin jinya ya ɗebi jininsa a 'yar kwalba, ya ajiye minti 20, ya karkata ta: jinin na nan tsararo, bai daskare ba. Kafin dare dasashinsa ya fara zubar da jini. Sai da aka yi masa allurar kashe dafi ya dawo hayyacinsa.

Da na dawo sai na sa wa masinja wannan magana a baki: "Sakatare kububuwa ne. Ranar da ya sare ka lafiya lau za ka koma gida, sai ƙarshen wata ka ga jini." Kuskurena shi ne ban mayar wa Oga sabon rubutun ya sa hannu ba. Aka watsa, masu sauraro suka yi ta bugo waya, kowa na cewa ogansa ne.

Ranar Litinin Oga ya kira ni.

"Malam, wannan Sakataren naka, wa kake nufi?"

"Yallaɓai, ƙirƙira ce kawai."

"Madalla. Ka iya rubutu."

Ko takardar tuhuma bai ba ni ba, har ruwan sanyi ya sa aka kawo min. Bayan wata 3 aka mayar da ni rubuta sanarwar ɗaurin aure da rasuwa, sunana ya ɓace daga jerin masu zuwa kwas, wasan kuma aka damƙa wa wani.

Sauran darussan ƙanana ne. Duk gyaran da ka yi, ko kalma ɗaya ce, a sa maka hannu, ka ajiye kwafi a gida. Kada ka karanta wa mai shiga motar Oga rubutun da ba ka gama ba.

Har yanzu ana watsa wasan. Na saurara a daren jiya, Sakatare ya koma zaki, har ma an sa masa maroƙi.