Tayoyin mota ne suka ci min kuɗi a ƴar motar da na haɗa

Wallahi har yau in na kalli tayoyin nan guda huɗu a jingine a bayan ɗaki sai raina ya sosu. Bayan cire tallafin mai a 2023 ne na ce bari in haɗa ƴar ƙaramar mota ta zuwa gona, kujera biyu, ba ƙofa ba gilashi, da injin babur 150cc. Bututun ƙarfe na sayo a kasuwar Kofar Ruwa da ke Kano, walda kuwa sana'ata ce, wannan bai ba ni wahala ba, sati uku na tayar da gangar jikin.

Sai na je na ɗauko tayoyin mota rim 14 na hannu, wai don ta yi tsayi ta yi kyau a ido. Maigidana da ya koya min aiki yana gani ya ce "yaro, wannan injin ba zai ja su ba", na ce Baba ai zai ja in sha Allahu. Ya ja ɗin, amma ina amfani, a giya ɗaya take nishi in mun hau mu biyu, in ta shiga rairayi sai na murɗe wuta gaba ɗaya, kulochi yana ƙauri, injin ya yi zafi, man da na yi duk wannan wahalar don in rage shi kuma take zuƙa fiye da babur biyu. Faifan kulochi sau biyu na canza cikin wata ɗaya! Ni kuma ina ta zargin kafireta, na kwance na wanke na rage mata mai, sai ƙarfin ya ƙara mutuwa.

Ashe nauyin taya da rim ba ɗaya yake da nauyin kujera ba, shi sai injin ya juya shi kafin ma ya tura motar, ga faɗin taya yana kama ƙasa. Da na haƙura na sa tayar Keke Napep, mai lamba 4.00-8, na kuma sa farantin sarƙa na baya mai haƙora da yawa, kai ka ce wata motar ce daban. Gudu ya ragu a kwalta, gaskiya ne, ban damu ba tunda ba tsere na haɗa ta don shi ba, amma tana hawa tudu da buhun masara biyu a baya kuma lita ɗaya tana kai ni gona in dawo.

In za ka haɗa taka, don Allah ka fara zaɓar taya daidai ƙarfin injinka kafin ka yanka ƙarfe ko ɗaya, domin ni sai da na sake yanke gindin motar gaba ɗaya na sake walda saboda tsayin ya canza, kwana tara a banza. Injin babur kuma ba ribas, wannan ma ka sani tun farko. Tayoyin nan har yanzu ban samu mai sayensu ko a rabin kuɗi ba.